Ɗinkin Hawa na Sha Huɗu

Da igiya na san ginin nan, ba da ƙofa ba.
Masu kwat ta ƙasa suke shigarsa,
ni ta ka nake sauko masa,
bokiti a ƙugu, soso a hannu,
Rosario kaf a ƙarƙashin takalmina
kamar hatsin da aka baza a sha rana.

Da can rumbun alkama ne a wurin.
Kakata Eulalia ta ce ɓerayensa sun fi 'yan dakonsa ƙiba,
kuma in jirgi ya yi kuka a kogin Paraná
ƙaiƙayi kan tashi ya sauka a kan shanyar mata.
Wata bakwai aka yi ana rushe shi.
Aka yi ta haƙa har aka tarar da kogin yana numfashi a ƙasa,
sai aka kafa masa turakun ƙarfe,
don taɓo ba ya riƙe amana.

Mace ce ta zana shi, Delfina Arrieta.
Ta ce a ɗan kautar da fuskarsa,
kada ya yi gaba da gaba da iskar kudu.
Haƙarƙarin kankare ashirin da huɗu ta miƙar tun daga tushe,
tsakaninsu gilashi mai launin shayin da bai ji ganye ba.
Allon tagullar bakin ƙofa
sunan mai banki ne a jiki.
Nata sunan iska ce ke karanta shi
duk sanda ta zo da faɗa ta wuce ba ta fasa taga ba.

A hawa na sha huɗu kuɗi ya mutu.
Takardar da ta sayi nama da safe
da yamma ko ƙashi ba ta saya.
Shekara tara gini na tsaye ba kai,
rodi cirko-cirko kamar gashin wanda ya firgita,
tattabaru suka kama haya ba ko sisi.
Ubana Nicanor ya wanke cokalin gininsa, ya naɗe a tsumma,
ya koma bakin kogi yana fere kifi.

Da aka dawo, simintin wani kamfani ne.
Na ƙasa toka-toka, na sama ya fi shi haske,
suka haɗu a layi ɗaya siriri
kamar ɗinkin da likita ya bari a ciki.
Daga titi ba mai ganinsa.
Daga ofis ma haka, ai mai ɗaki ba ya ganin bayan ɗakinsa.

Banki ya tashi, 'yan inshora suka zo,
bayansu yara masu amsa waya, suna ba duniya haƙuri dare da rana.
Yanzu hawa shida babu kowa sai kujeru a kife.
A na ashirin da biyu akwai wata dattijuwa
da ke ɗaga mini ƙoƙon shayinta ta cikin gilashi.
Shekara takwas ke nan, ban san muryarta ba.

Duk wata uku nakan iso ɗinkin, ta kusurwar gabas.
A nan, ranar da aka sallame su, kankare bai bushe ba,
ubana ya danna babban yatsansa,
ya rubuta da ƙusa: muna bin mako shida.

Ba a biya ba. Ya rasu bara waccan.

Nakan sa yatsana a gurbin, ya yi mini yawa.
Gansakuka ta fara cika harufan.
Nan kaɗai ne ba na wankewa.
Sai in saki igiya kamu ɗaya,
in sauka zuwa sha uku,
inda wani ke ta ƙirga kuɗin da ba nasa ba,
ya juya mini ƙeya.